Fata ta sandare, gwajin jini ya nuna ƙarancin sinadarai: wanne ne ya jawo wani?

Akwai wata cuta da likitoci ke kira sikilerodama. Ba kasafai ake jin sunanta a majalisa ba, amma gidan da ta shiga ba ya mantawa da ita. Garkuwar jikin mutum ce ke juyowa kansa. Ƙananan jijiyoyin jini su lalace su tsuke, sannan jiki ya shiga tara kolajin, wato zaren naman da yake ɗinke rauni da shi, a wuraren da babu raunin komai. Fata ta yi tauri ta ɗame tana ƙyalli, yatsu su lanƙwashe su ƙi miƙewa, baki ya tsuke. Da a fata abin ya tsaya, da da sauƙi. Amma taurin nan yana shiga hanyar abinci da hanji da huhu da zuciya, wani lokaci ya taɓa ƙoda. Mata ta fi kamawa, sau uku zuwa huɗu ko fiye idan aka kwatanta da maza, kuma galibi tsakanin shekara 30 zuwa 50.

A baƙar fata alamunta suna da rikitarwa. Wuya da ƙirji da goshi kan yi dabbare-dabbare, fari da baƙi a cakuɗe, sai dangi su ce man bilicin ne, ko a yi ta raɗe-raɗin kuturta, ko a tafi neman makarin sammu. Alamar da ta fi fara bayyana ita ce yatsu su yi fari fat su mutu idan sun ji sanyi, sannan su yi shuɗi, su dawo da zugi. Wani likitan Faransa, Maurice Raynaud, ya bayyana wannan a 1862, kuma da sunansa ake kiranta har yau. Legas ba garin hunturu ba ce, amma mai sayar da zoɓo da kunun aya tana yini hannunta a cikin ƙanƙara, kuma sanyin na'ura a banki ko a motar BRT ya isa ya tayar da ita. A 2009 Farfesa Olufemi Adelowo da abokin aikinsa sun wallafa rahoto kan majinyata 14 da aka gani a Legas. Yawancinsu mata ne, kuma nau'in da ke bazuwa a jiki, mai tsanani, shi ya fi yawa a cikinsu.

To, ina batun sinadaran jini ya shigo? Shekara talatin da wani abu ke nan masu bincike suna auna jinin masu wannan cuta, suna kuma samun abu kusan iri ɗaya. A Suwidin a 1992, a Manchester ta Ingila a 1994, da kuma a Soweto ta Afirka ta Kudu a 2006, inda baƙar fata aka auna, duk an ga seleniyam, wani sinadarin da jiki ke buƙatarsa ɗan kaɗan, ya yi ƙasa da na masu lafiya. Ana yawan samun ƙarancin ayon, wato sinadarin ƙarfe mai gina jini, zinki ma yakan sauka a wasu, shi kuwa sinadarin jan ƙarfe sakamakonsa ya sha bamban daga wannan bincike zuwa wancan. Daga nan ne mai saurin yanke hukunci ke tsallakawa ya ce ai ga bakin zaren: rashin sinadarai ne ya kawo cutar, a cike giɓin, fata ta saki. Ni ina ganin an ɗauko lissafin ta baya. A mafi yawan lokuta cutar ce ke gaba, ƙarancin yana biye da ita, kuma lambar da ke kan takardar gwaji ba ta ma cika faɗin gaskiyar abin da ke jiki ba.

Daga baki zuwa hanji

Kusan tara cikin goma na masu wannan cuta tana taɓa musu hanyar abinci, kuma tun daga ƙofa take farawa. Ku dubi yadda mace mai tsukakken baki take cin abinci. Cokali babba ba ya shiga, sai na shayi. Yawu ya ƙafe, haƙora sun fara girgiɗi, yatsun da za ta yagi nama da su ga gyambo a bakinsu. Tsire da kilishi da soyayyen naman Sallah duk ta haƙura da su ba tare da ta faɗa wa kowa ba. Tuwo sai an tsinka shi da miya ya zama ruwa-ruwa. A hankali abincinta ya koma koko da safe, shayi da jiƙaƙƙen burodi da rana, fate da dare, shi ma loma kaɗan ta ce ta ƙoshi. Mutanen gida suna ganin tana ci, ba su lura cewa nama da kifi, waɗanda su ne ke ɗauke da ayon da zinki da seleniyam masu saurin shiga jiki, sun fita daga kwanonta tun tuni ba.

Abin da ya samu ya wuce maƙogwaro kuma yana da sauran tafiya. Bututun da ke kai abinci tumbi ya daina matsawa yadda ya kamata, murfin da ke tsakaninsa da tumbi ya saki, ruwan tsamin ciki yana hawowa, ƙwannafi dare da rana. Tumbin kansa yakan yi jinkirin sauke abinci. Ƙaramin hanji, wanda a nan ne jiki ke tsotse sinadarai, idan motsinsa ya ragu sai ƙwayoyin bakteriya su taru a inda ba wurinsu ba, su ci rabonsu, su bar mutum da kumburin ciki da gudawa mai maiƙo da rama. Mai da ba a tsotse ba yana tafiya da kalsiyam da magniziyam, gudawa kuma tana kwashe zinki. Duk wanda hanjinsa ke cikin wannan hali dole jininsa ya nuna ƙaranci, ko da kuwa a gidan sarki yake cin abinci.

Abin da takarda ke faɗa da abin da ba ta faɗa

Jini hanya ce, ba sito ba. Wanda ya tsaya bakin titi yana ƙirga motocin kayan gwari da ke shiga kasuwar Mile 12 ta Legas da sassafe zai san abin da ke kan hanya a wannan sa'ar, amma bai san abin da ke jibge a rumfuna ba, bai kuma san ko an tare wasu motocin a wani shinge ba. Jikin babban mutum yana ɗauke da zinki giram 2 zuwa 3, amma abin da ke yawo a ruwan jini bai wuce kashi ɗaya cikin dubu ba. Kalsiyam kashi 99 cikin 100 a ƙashi da haƙora yake. Magniziyam da ke cikin jini bai kai kashi 1 cikin 100 na wanda ke jiki ba.

Sannan ga kumburin cikin jiki, wanda shi ne halin wannan cuta. Da zarar garkuwar jiki ta tashi, hanta tana janye zinki da ayon daga jini ta ɓoye su, tana rage furotin ɗin da ke ɗaukar seleniyam, tana kuma ƙara wanda ke ɗaukar jan ƙarfe. Sakamakon sai ya fito: zinki ƙasa, ayon ƙasa, seleniyam ƙasa, jan ƙarfe sama, alhali wataƙila babu abin da ya fita daga jikin. Mai zazzaɓin cizon sauro ma in aka auna shi a ranar, irin wannan hoton za a gani. Shi ya sa likitan da ya san aikinsa ba ya karanta zinki ko seleniyam shi kaɗai, sai ya haɗa da CRP, ma'aunin kumburi, da kuma albumin, furotin ɗin da ke dakon mafi yawan zinkin jini da kusan rabin kalsiyam. Idan CRP ya haura 20, lambar zinki ta zama abin ɗauka da taka-tsantsan. Jan ƙarfe kuma yana hawa ga mai juna biyu da mai shan ƙwayar tazarar haihuwa mai ɗauke da istirojin, kuma kada a manta yawancin majinyatan mata ne masu shekarun haihuwa.

Yadda aka ɗebi jinin ma yana da nasa tasiri. Zinki ya fi yawa da safe kafin a karya, yana sauka bayan cin abinci. Akwai kwalba ta musamman da ake ɗibar jinin irin wannan gwaji a ciki, domin murfin roba na kwalbar yau da kullum yana iya zubar da zinki a cikin jinin. Idan aka bar jini ya daɗe ba a raba ruwansa da ƙwayoyinsa ba, ko ƙwayoyin suka farfashe, zinki da fotasiyam za su nuna sun hau na ƙarya. A garin da ɗan aike zai iya shafe sa'o'i a cunkoson motoci tsakanin ƙaramin wurin ɗibar jini da babban ɗakin gwaji, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ga kuma wahalar samun jijiya a hannun da fatarsa ta yi tauri, a yi ta tsira allura ana matsa hannu, wanda shi ma yana fasa ƙwayoyin jinin.

Ayon, wanda ya fi cancanta a bi sawunsa

In da za a ce kuɗin gwaji ɗaya kawai ake da shi, a ganina na ayon ne. Ƙarancinsa yana da yawa, yana da magani, kuma sau da yawa yana tona asirin wani abu da ya fi shi haɗari. A wasu masu wannan cuta ƙananan jijiyoyin jini na cikin tumbi suna buɗewa su yi layi-layi ja, likitoci na kiransa tumbi mai zanen kankana saboda yadda yake bayyana a kyamara. Jijiyoyin suna tsatsafar da jini kaɗan-kaɗan, wata da watanni, ba ciwo, ba amai. Mutum dai yana ta ɗashewa, yana haki in ya hau bene. A ba shi maganin ƙarin jini kwalba goma, tsiyayar tana nan. Maganinsa shi ne a zura kyamara ta baki a gano wurin a ƙone jijiyoyin.

A nan Najeriya PCV aka fi sani, kowa tambayarsa jinin nawa ne. Amma ƙarancin ayon ba ya saukar da PCV sai ajiyar ayon ta riga ta ƙare. Gwajin da ke leƙa ajiyar shi ne feritin, shi kuma yana da nasa makirci, don kumburi yana ɗaga shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar ƙaranci ga babba mai lafiya a ƙasa da maikirogiram 15 a lita, amma a jagorarta ta 2020 ta ce ga mai kumburi ko wata cuta a jiki, ƙasa da 70 ma ƙaranci ne. Ke nan mace mai sikilerodama za ta iya karɓo takarda da feritin 40, mai gwaji ya ce mata lafiya lau, alhali ajiyarta ta yi ƙasa. Wani bincike daga Amsterdam a 2014 ya gano cewa kusan rabin masu wannan cuta da ke da hawan jini a jijiyoyin huhu suna da ƙarancin ayon, kuma su ne suka fi jin jiki. Tun da haki alama ce ta ƙarancin jini, alama ce kuma ta taurin huhu da ta hawan jinin huhu, kuskure ne babba a jingina shi ga ƙarancin jini kawai a ƙi yin hoton zuciya da gwajin numfashi.

Sauran dalilan da kowa ya sani ma ba su tafi hutu ba: jinin al'ada mai yawa, ƙarin mahaifa, haihuwa kusa da kusa, tsutsar ciki. Sai kuma shayi. Mu mutanen shayi ne, teburin mai shayi yana kowace kwana daga Agege zuwa Obalende, amma shayin da aka kora abinci da shi yana rage ayon ɗin da jiki zai samu daga wake da ganye da hatsi ƙwarai da gaske. Tazarar sa'a ɗaya tsakaninsu tana rage ɓarnar. Ƙwayar ayon kanta takan ƙara wa mai raunin hanji bushewar ciki, tana baƙanta bayan gida har ta ɓoye alamar zubar jini, kuma in hanjin ba ya tsotsa, asarar kuɗi ce. Irin waɗannan majinyata ta jijiya ake ba su ayon a asibiti. Mai sikila kuwa kada ya kusanci ƙwayar ayon sai da gwaji.

Maganin ƙwannafi da kanwa

Kusan duk mai wannan cuta yana shan maganin ƙwannafi omeprazole ko ɗan'uwansa, shekara da shekaru, kuma yana buƙatarsa, domin in ba shi ba tsamin ciki zai ƙone bututun abinci har ya tsuke. Sai dai ruwan tsamin da maganin ke kashewa shi ne ke narkar da ayon na tsirrai da wani nau'in ƙwayar kalsiyam, yana kuma taimakawa wajen samun bitamin B12. A 2011 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗin cewa shan irin waɗannan magunguna na dogon lokaci, galibi fiye da shekara, yana iya saukar da magniziyam. Alamunsa ɗaurewar nama, minjirya, rawar jiki, bugun zuciya ba bisa ƙa'ida ba. Kuma idan magniziyam ya faɗi yana jan fotasiyam da kalsiyam su bi shi, ba kuma za su tashi ba sai an gyara shi. Ba a daina maganin don wannan, auna magniziyam ake yi lokaci-lokaci, musamman ga mai gudawa ko mai shan maganin sa fitsari. Gwaji ne mai sauƙin samu idan aka kwatanta da na seleniyam, amma shi aka fi mantawa da shi.

A gida kuwa, ƙwannafi na tashi za a ce a jiƙa kanwa. Tana kwantar da shi na ɗan lokaci, ba musu. Amma kanwa galibinta sodiyam ce, dangin gishiri, kuma wanda ƙodarsa ke cikin haɗari kuma ake sa ido kan hawan jininsa ba shi da buƙatar ƙarin sodiyam kullum dare. Farin ruwan maganin olsa na kemis shi ma yana da nasa aibi: yana riƙe wasu magunguna a ciki ya hana su shiga jini, ciki har da mycophenolate da ake bayarwa don huhu da fata, magani mai tsadar gaske. Haka ƙwayoyin ayon da zinki da kalsiyam suke yi wa ciprofloxacin da doxycycline, waɗanda ake bayarwa don rage bakteriyar hanji. Sai an raba lokacin shansu da sa'o'i.

Batun kalsiyam gajere ne amma ana yawan ruɗewa a kansa. Kimanin ɗaya cikin huɗu na majinyatan sukan sami ƙulluttai masu tauri a ƙarƙashin fata, a kan yatsu da gwiwar hannu da gwiwar ƙafa, wani lokaci su fashe su fitar da farin abu mai kama da alli. Kalsiyam ne, amma in aka auna jini za a tarar yana daidai, tsakanin 2.2 da 2.6. Naman da ya lalace ne ke jawo shi ya taru, ba yawansa a abinci ba. Wadda aka hana ta nono da kindirmo saboda wannan an cuce ta sau biyu: ƙulluttan ba za su narke ba, ƙashinta kuma, wanda dama yana cikin haɗarin zaizayewa saboda rama da ƙarancin bitamin D, zai ƙara rauni.

An gwada, ba a ga biyan buƙata ba

Tunanin cewa seleniyam zai iya taimakawa ba shirme ba ne. Duk lokacin da jijiyoyin yatsu suka tsuke suka sake buɗewa, jiki yana samar da wasu gurɓatattun sinadarai masu ƙona ƙwayoyin halitta, kuma seleniyam yana cikin makaman da ke kashe su. Masu binciken Manchester sun bi wannan tunani har ƙarshensa. Suka ba majinyata haɗin seleniyam da bitamin C da E da wasu, suka kwatanta da ƙwayar da ba magani a cikinta, suka wallafa sakamakon a 2000. Sinadaran sun hau a jini, amma ciwon yatsun bai ragu ba.

Jan ƙarfe ma yana da irin wannan tarihi ta ɗaya ɓangaren. Sinadarin da ke ɗaure zaren kolajin ya yi tauri sai da jan ƙarfe yake aiki. An shafe shekaru ana ba masu wannan cuta penicillamine, maganin da ke kwashe jan ƙarfe yana kuma hana kolajin ɗaurewa, da fatan fata za ta saki. A 1999 aka fitar da sakamakon babban gwaji a Amurka: waɗanda aka ba miligiram 750 zuwa 1,000 kullum ba su fi waɗanda aka ba 125 bayan kwana bibbiyu samun sauƙi ba, illa dai sun fi su shan wahalar maganin. Daga nan aka yi ta janye jiki daga gare shi.

Wannan tarihi bai hana kasuwa ci ba. Za ka ga an kafa rumfa a bakin kasuwa ko kusa da masallaci bayan an sauko Juma'a, ga tebur, ga kwamfuta, ga wani saurayi da farar riga. Ya miƙa wa mace wani ɗan sandan ƙarfe mai waya.

"Hajiya, riƙe nan da kyau, kada ki yi magana."

Bayan minti ɗaya allo ya cika da layuka, wasu kore wasu ja.

"Kin ga jajayen nan? Zinkinki ya ƙare, kalsiyam ya ƙare, seleniyam ma saura ƙiris. Shi ya sa fatarki ta bushe haka."

"To Dakta, yanzu yaya za a yi?"

Ya sunkuya ƙarƙashin tebur ya fito da robobi huɗu.

Ba a ɗebi ko ɗigon jini ba. Babu wata na'ura da ke auna zinki ko seleniyam ta tafin hannu, kuma ban taɓa jin wanda ya riƙe sandan nan aka ce masa ya tafi gida lafiyarsa ƙalau ba. Abin takaicin shi ne robobin ba ruwan sha ba ne. Mace tana buƙatar zinki miligiram 8 a rana, namiji 11, kuma iyakar da aka amince babba ya sha kullum ita ce 40. Akwai ƙwayoyi a kasuwa masu 50 a guda ɗaya. Wanda ya dimanci sha wata da watanni, zinkin zai toshe wa jan ƙarfe hanya a hanji, ya ƙare da ƙarancin jini, raguwar fararen ƙwayoyin jini, da lalacewar laka mai sa tafiya ta gagara, wadda ba lallai ta warke ba. Garin neman ƙiba an samo rama. Seleniyam ya fi haka ƙuncin iyaka: maikirogiram 55 ake buƙata a rana, kuma a Amurka an sa iyakarsa a 400. Yawansa yana zubar da gashi, ya farfasa farce, numfashi ya riƙa warin tafarnuwa. A 2008 mutum kusan 200 suka kamu da gubarsa a Amurka daga wani ruwan ƙarin sinadarai da aka yi kuskuren zuba masa ninki kusan 200 na abin da aka rubuta a jikin kwalbar.

Kada a fahimce ni a baibai. Ƙarancin da aka tabbatar da gwaji na gaskiya dole a gyara shi. Zinki yana da hannu a warkewar rauni da ɗanɗanon baki, kuma mai gyambo a yatsu da ya rame yana iya buƙatarsa na ƴan makonni, a sake aunawa, a tsaya. Gyaran yana ƙara ƙarfi, yana kare ƙashi da zuciya. Abin da ba ya yi shi ne sassauta fata ko tsayar da taurin huhu. Wannan aikin magungunan garkuwar jiki ne, a hannun likitan gaɓoɓi da garkuwar jiki, kuma akwai su a asibitin koyarwa na LUTH da ke Idi-Araba da na LASUTH da ke Ikeja, duka biyun kusa da unguwannin da Hausawa suka fi yawa.

A kicin kuwa ba a buƙatar abin da ya fito daga waje. Naman da ba ya tauno a niƙa shi ko a dafa shi ya yi lugub a miya. Hanta da ƙoda suna da laushi kuma suna cike da ayon da zinki da seleniyam. Kifin teku, wanda Legas ta fi Arewa samunsa da araha, da ƙwai, suna daga cikin mafi kyawun hanyoyin samun seleniyam. Agushi da riɗi da gyaɗa niƙaƙƙu suna ƙara zinki da ƙarfi a ɗan abinci kaɗan. Gero da dawa da wake suna ɗauke da wani sinadari mai riƙe ayon da zinki, amma jiƙawa da tsimawa da barin ƙullu ya kwana, yadda iyayenmu ke yi wa gasara da ƙullun waina, suna karya shi. A ci kaɗan-kaɗan sau biyar ko shida, kada a kwanta sai an yi sa'a uku da cin abinci, a kuma ɗaga kan gado. Masu komawa barci da zarar sun gama sahur su lura da wannan.

Sinadari ɗaya da hawansa ke kisa cikin gaggawa shi ne fotasiyam, kuma labarinsa na ƙoda ne. A shekarun farko na nau'in da ke bazuwa, jini kan iya hawa farat ɗaya, da ciwon kai mai tsanani da dishi-dishin gani da raguwar fitsari, ƙoda ta tsaya cikin kwanaki. Kafin zuwan maganin hawan jini captopril da danginsa, kaɗan ne ke tsallake wannan. Ɗaya daga cikin manyan abubuwan da ke tunzura shi shi ne maganin kumburi prednisolone daga miligiram 15 a rana zuwa sama, maganin da ake cusawa a haɗin kemis na ciwon gaɓoɓi, danginsa kuma suna cikin ƙwayoyin sha-ka-fashe da ake ba wanda ya rame. Mai wannan cuta ya rame, gaɓoɓinsa na ciwo, don haka shi ne farkon wanda za a miƙa wa su. Ya kamata ya mallaki na'urar awon hawan jini a gida. Idan kuma aka ɗora shi a kan captopril ko lisinopril, sai an riƙa auna fotasiyam da aikin ƙoda, kuma ya nisanci gishirin nan da ake tallatawa na masu hawan jini, domin da fotasiyam ake haɗa shi.

Ƙurar dutse

Akwai ma'adini guda da aka tabbatar yana da hannu wajen tayar da cutar kanta, sai dai ba ta kwano yake shiga ba, ta hanci ne. A 1914 wani likita a Sikotilan, Byrom Bramwell, ya lura da ita a tsakanin masu sassaƙa dutse. A 1957 wani likita mai suna Erasmus ya nuna yawanta a tsakanin masu haƙar zinare a Afirka ta Kudu. Ƙurar silika ce, wadda ke fita idan aka fasa ko aka niƙa ko aka yanka dutse da yashi. Ƙananan ƙwayoyinta suna maƙalewa a huhu, garkuwar jiki ta yi ta faɗa da su ba ta iya narkar da su, a wasu mutane faɗan ya bazu zuwa sauran jiki.

Wannan ya shafe mu kai tsaye. Samarinmu ne a wuraren fasa dutse na jihar Ogun, su ne ke yankan tayil da dutsen giranit a gine-ginen Lekki da Ajah, ƙura ta rufe su fari fat, wasu kuma sun yi shekaru a ramukan zinare na Zamfara da Neja kafin su gangaro kudu. Namijin da ya zo da taurin fata da tari da haki, tambayar da za ta fi amfani ita ce wace sana'a ya yi, shekara nawa, ko da ya bar ta da daɗewa. Gwajin jini ba ya nuna silika, hoton ƙirji da tarihin aiki ne ke nunawa, kuma irin wannan huhu yana da saurin kamuwa da tarin fuka, don haka sai an duba shi ma. Ga waɗanda ke bakin aikin har yanzu, ɗaura hankici ko rawani a hanci ba ya tare wannan ƙura. Yanka da ruwa yana kwantar da mafi yawanta tun daga bakin injin, sannan a sa takunkumi mai matata irin N95 wanda ya kama fuska sosai, a kuma sauya kayan aiki kafin a shiga ɗakin kwana.